Wanda Allah Ya Kira, Mu Ne Masu Raka Shi

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar kiran Allah da aikawa zuwa hidima a rayuwar Kirista. Na san yawancin masu karanta jaridarka 'yan'uwanmu Musulmi ne, amma muna nan da yawa mu Kiristocin da Hausa ce harshen sujadarmu, da ita muke waƙa, da ita muke addu'a, da ita kuma muke karanta Littafi Mai Tsarki tun da aka buga shi cikakke a 1932. Don haka na ga ya dace maganar da ta shafi gidanmu ta fito a harshen da iyayenmu mata na ƙauye za su ji idan jikokinsu suka karanta musu.

A ranar Lahadin farko ta watan jiya, ikilisiyarmu a nan Jos ta sallami wani matashi da matarsa zuwa aikin bishara a wani ƙauye da sai an yi tafiyar awa huɗu a mota, sannan a hau babur a ƙarasa. Sun durƙusa a gaban jama'a, fasto da dattawa suka ɗora musu hannu, Zumuntar Mata kuma suka tashi da zannuwansu iri ɗaya suna buga tulu suna waƙa, mahaifiyar yarinyar tana cikinsu, bakinta yana waƙa idanunta suna zubar da hawaye. An tara musu buhun masara biyu, da galan na manja, da katifa, da tukwane, da fitila mai caji da hasken rana. Da aka tashi muna fitowa, wani dattijo abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "To, mun yi namu, saura nasu." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na kuma san mutumin kirki ne, amma maganar ta hana ni barci a daren nan, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. A ganina ba mu yi namu ba tukuna, a ranar nan ne ma namu ya soma.

Mahaifina mai bishara ne na ƙauye, cikin waɗanda ake kira Malam kawai, waɗanda ba su kai ga naɗin fasto ba har suka bar duniya. Manomi ne da ya koyi karatu a ajin yamma yana da aure. Ban taɓa jin ya ce ya yi mafarki ko ya ji wata murya ba. Abin da ya faru shi ne dattawan ikilisiyar garinmu sun lura cewa shi ne yake tsayawa bayan sujada yana karanta wa tsofaffi abin da ba su ji sosai ba, shi ne kuma farkon isa gidan da aka yi rashi. Sai suka kira shi suka ce masa sun ga hannun Ubangiji a kansa, suna so ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki. Ya yi shekara guda yana ƙi, hujjarsa kuma mai ƙarfi ce: gonarsa, da tsohuwar mahaifiyarsa, da mu ƙanana. Dattawan ba su ce masa ya ba da gaskiya kawai ya tafi ba. Suka yi masa alkawari cewa ikilisiya za ta noma gonarsa, suka kuwa cika. Damina uku a jere ana yi masa gayya, maza da garemani, mata da kunu, har ya gama karatu. Na ga wannan da idona ina yaro, ina bin bayansu ina tsintar ciyawa.

Da aka tura shi, kayansa duka akwatin ƙarfe ɗaya ne da keke da fitilar ƙwai. Ƙararrawar majami'a wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da ya rataye a bishiyar ɗorawa. Da safe ya koya wa yara karatu a ƙasa da yatsa, da rana ya shiga gona kamar kowa, da yamma ya wanke wa masu gyambo ƙafa da ruwan gishiri, ran Lahadi ya yi wa'azi ga mutanen da wani lokaci ba su fi goma ba. Abin da ya riƙe shi shekara da shekaru, bayan alherin Allah, shi ne kowace kaka sai mutanen garinmu sun taso a ƙafa da kwandunan acca da dawa a ka, su kwana biyu tare da mu, su ji damuwarsa, su koma su ba da labari. Mahaifiyata takan fara share tsakar gida tun mako guda kafin su iso.

Da na girma na soma karanta Littafi da kaina, sai na tarar abin da dattawan nan marasa zurfin ilimi suka yi shi ne ainihin tsarin da yake a rubuce. Yaro Sama'ila ya ji ana kiransa da dare har sau uku, amma bai gane mai kiran ba sai da tsoho Eli ya fahimtar da shi, ya kuma koya masa amsar da zai bayar. Bulus ya gamu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu, gamuwar da babu wanda zai yi shakkarta, duk da haka sai da aka aiko masa Hananiya, daga baya kuma Barnaba ya je har Tarsus ya nemo shi, suka yi shekara guda suna koyarwa a Antakiya. A can ne, kamar yadda sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni ta nuna, Ruhu Mai Tsarki ya yi magana da ikilisiya tana cikin sujada da azumi cewa a keɓe masa Barnaba da Shawulu, wato Bulus, domin aikin da ya kira su. Ikilisiya ta yi addu'a, ta ɗora musu hannu, ta sallame su. Abin da mutane da yawa ba sa kula da shi shi ne ƙarshen sura ta 14, inda suka komo Antakiya ɗin nan, suka tara jama'a suka ba da labarin duk abin da Allah ya yi ta wurinsu. Allah ne ya yi kiran, amma akwai jama'ar da ta shaida shi, ta sallami mutanen, ta kuma zauna tana jiran dawowarsu. Ko Yesu da kansa, da ya zaɓi almajiransa sha biyun nan, Markus ya ce ya zaɓe su ne domin su kasance tare da shi, sannan ya aike su. Zama a gaban malami ya riga tafiya.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma haka yake. Muna yawan ambaton samari uku da suka sauka Legas a watan Disamba na 1893, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da yadda biyun farko suka rasu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba tare da sun ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Sai a 1902 aka samu kafa tashar mishan a Patigi, a 1904 kuma Karl Kumm da abokansa suka iso Wase. Mun gode wa Allah dominsu. Amma Turawan nan kaɗan ne, kuma ba su ne suka hau kowane dutse a Filato da kudancin Kaduna da Bauci ba. 'Yan ƙasa ne suka yi wannan, irin waɗanda aka soma horarwa a Gindiri daga 1934, da irin su Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot da aka naɗa fastoci a 1938, da ɗaruruwan malamai irin mahaifina waɗanda ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙungiyar aika masu bishara da yanzu ake kira EMS ta fara ne tun 1948, shekara shida kafin a kafa ikilisiyar ECWA, wadda ƙungiyar take ƙarƙashinta, a 1954. Ma'ana, iyayenmu sun soma aikawa da tallafa wa waɗanda suka aika tun ba su da hedikwata, tun baikonsu, wato abin da suke bayarwa a majami'a, kwabo ne da ƙwai da damin dawa.

Yau Jos ta zama cibiya. Hedikwatar ECWA da ta ikilisiyar COCIN da ta TEKAN, wato tarayyar ikilisiyoyin Kristi a Nijeriya, duk suna nan, ga kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru, ga makarantar tauhidi ta ECWA da ake kira JETS, ga babbar makarantar horar da limaman Katolika ta Waliyyi Agustin. Da wuya a sami wani gari a Arewa da yake yaye masu aikin Ubangiji kamar wannan. Amma duk wanda ya bi titi daga Taminus zuwa Farin Gada, ko ya shiga lungunan Tudun Wada da Anguwan Rukuba, zai ga alluna da takardun talla a manne a bango, kowanne da hoton mutum da babban laƙabi, kowanne kuma yana cewa Allah ne ya kira shi. Ba ni da ikon shiga zuciyar kowa, kuma na san akwai na gaskiya a cikinsu. Tambayar da nake yi ita ce wadda dattawan garinmu za su yi: wa ya san shi, a gaban wa ya zauna, wa ya ɗora masa hannu, wa kuma zai iya kiransa ya tsawata masa idan ya kauce? Mutumin da ya kira kansa, ya naɗa kansa, ya aiki kansa, ba shi da wanda zai koma ya ba wa labari, kuma idan ya faɗi, yakan faɗi ne tare da talakawan da suka dogara da shi, yawancinsu mata da gwauraye da marasa lafiya.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa juna ba tare da kunya ba. Rashin aikin yi ya sa wasu iyaye suna tura yaron da bai sami gurbin jami'a ba zuwa makarantar tauhidi, kamar dai ita ce mafaka ta ƙarshe. Irin wannan yaro ba shi da laifi, amma an ɗora masa kayan da bai san nauyinsu ba. Alamar takan fito ne a lokacin canjin wurin aiki, sa'ad da za ka ga ana bin gidajen shugabanni da dare ana roƙon kada a tura mutum ƙauye, ko a bar shi a birni saboda makarantar yara. Annabi Ishaya cewa ya yi, "Ga ni, ka aike ni," tun bai ji inda za a aike shi ba, kuma da ya ji, aikin mai ɗaci ne, domin an gaya masa tun farko cewa mutanen za su ji amma ba za su gane ba. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta jera halayen da ake nema ga mai kula da ikilisiya, kusan dukansu kuma abubuwa ne da maƙwabci zai iya shaidawa: kamun kai, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, iya riƙe gida, da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Har ta ce kada ya zama sabon tuba. Wannan na nuna cewa maƙwabcinsa Musulmi ma yana da abin faɗa a kan ko mutum ya cancanta.

Sai dai idan ɓera yana da sata, daddawa ma tana da wari, kuma a nan ne maganata ta fi nauyi, domin ta shafe ni. Shekara uku da suka wuce, ina cikin kwamitin bishara na ikilisiyarmu, na je duba wani malami da muka aika. Ban je don ƙwazo ba, rasuwa ce ta kai ni wani gari kusa, na ce bari in ratse. Na tarar da shi a kan rufin ɗakin addu'a yana ɗaure kwanon da iska ta yaye da igiyar roba. Ya sauko da murna, ya shimfiɗa mini tabarma, matarsa ta kawo kunun tsamiya ba sukari tana ba ni haƙuri. A cikin hira na gane cewa wata biyar ɗan alawus ɗinsa bai iso ba, babbar 'yarsu tana gida an koro ta saboda kuɗin makaranta, matar kuma tana suyar ƙosai ranar kasuwa don su sami na sabulu da gishiri. Bai kawo ƙarar kowa ba, ni ne na yi ta tono da tambaya. Da zan tafi ya rako ni har bakin rafi, ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, har yanzu ana ambaton sunanmu a addu'ar safe?" Na ce masa ana yi, amma a raina na san an daɗe ba a yi ba. A waccan shekarar kuwa mun sa tayil a majami'a, mun sayi sababbin lasifikoki, ni ma na ɗaga hannu na amince da kashe kuɗin. Na yi kuka a kan babur har muka fita titi.

Tun daga ranar nake tambayar kaina ko da wane baki muke zargin matasa da gudun ƙauye, alhali suna ganin yadda muke yi da waɗanda suka yarda suka tafi. Littafi ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, Bulus kuma ya yi tambaya a wasiƙarsa ga Romawa cewa yaya za su yi wa'azi in ba a aike su ba. Aikawa ta ƙunshi abinci da magani da karatun 'ya'ya, ta ƙunshi sanin abin da zai faru da matar malami idan ya rasu a bakin aiki, domin sau da yawa gidan da suke ciki na ikilisiya ne, kuma wanda zai gaje shi yana hanya. Ta ƙunshi tunanin tsufansa. Na san malamai da suka yi shekara talatin suna hidima, suka yi ritaya ba su da ko ɗaki guda na kansu. Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti don kada ya nauyaya wa kowa, gaskiya ne, ina kuma goyon bayan a koya wa kowane mai bishara sana'a ko noman zamani ko aikin jinya na farko. Amma shi Bulus ɗin nan ya rubuta wa Filibiyawa yana gode musu domin sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba, har suka tura Abafaroditas ya kai masa da hannunsa ya kuma yi masa hidima. Kuɗi ta waya yana da amfani, amma zumunta a ƙafa take.

Halin tsaro ya ƙara wa maganar nauyi. Duk mai zama a Filato ya san abin da ya faru a Mangu a 2023, da hare-haren jajibirin Kirsimeti na waccan shekarar a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. A irin waɗannan wurare malamin majami'a ne yake binne matattu, shi ne yake zama da waɗanda suka gudu a azuzuwan makarantun firamare, shi ne kuma ake sa ran zai hana samari ɗaukar fansa alhali shi ma an ƙone masa rumbu. Wanda muka tura irin wannan wuri muka kuma manta da shi, mun yi masa abin da Dawuda ya sa aka yi wa Uriya, wato a kai shi inda yaƙi ya fi zafi sannan a janye a bar shi. Na san kwatancin yana da zafi, na kuma auna shi kafin in rubuta.

Kada wani ya ɗauka cewa kira na masu hawa mumbari ne kaɗai. A littafin Fitowa Allah ya kira Bezalel da sunansa domin aikin sassaƙa da ƙira. Mutum bakwai na farko da ikilisiyar Urushalima ta ɗora wa hannu, rabon abinci ga gwauraye aka ba su. Tabita ta Yafa riguna take ɗinka wa matalauta. Ma'aikaciyar jinya da take kwana a tsaye a asibitin Jankwano ko na Vom, da malamin firamare da ya yarda ya zauna a ƙauyen da babu wuta, da mai sayar da dankali a Farin Gada da ba ta tauye mudu, duk suna iya zama aikakku a inda suke. Su ma suna bukatar ikilisiya ta san da su, ta yi musu addu'a da suna. Haka kuma wanda aka kira ya zauna a gida ya riƙe igiyar wanda ya sauka rijiya, shi ma kira ne, kuma shi ne kiran yawancinmu.

Roƙona ga shugabannin ikilisiyoyi shi ne kada a karɓi kowa a makarantar tauhidi sai ikilisiyar da ta san shi ta shaide shi da gaske, ba takardar da aka sa wa hannu don kunyar iyayensa ba. Kada kuma wata majami'a ta sallami mai bishara sai ta rubuta a fili abin da za ta riƙa ba shi, da wanda zai ziyarce shi, da lokacin da zai dawo ya tsaya a gaban jama'a ya ba da labari kamar yadda aka yi a Antakiya. Kuɗinsa ya riga kuɗin gini fita daga asusu. Manyan majami'un Jos da Abuja, waɗanda baikonsu na Lahadi ɗaya ya fi abin da wata gunduma ta ƙauye take tarawa a watanni, su ɗauki nauyin iyalai da sunayensu, su san 'ya'yansu da ajin da kowanne yake. Ga matasa kuma da suke jin wani abu yana motsi a zuciyarsu, ina ba su shawara su je wurin wani tsoho mai tsoron Allah su faɗa masa, su karɓi ƙaramin aikin da aka ba su, ko sharar majami'a ce ko ajin yara na makarantar Lahadi, su bar jama'a su ga abin da Allah yake yi a cikinsu.

Na koma wurin abokina dattijon nan na faɗa masa abin da maganarsa ta tayar mini, ya yi shiru, sannan ya ce mu kai ta gaban kwamiti. An amince cewa za a riƙa ambaton matashin nan da matarsa a kowace addu'ar safe, Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin awon matar da haihuwarta domin tana da juna biyu, mu huɗu kuma za mu je mu kwana biyu a wurinsu kafin ruwan sama ya cika rafin da ake tsallakawa. Ni da abokina muna cikin masu tafiya, kuma tuni matata ta ware mudu goma na acca da za mu kai musu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka, ya kuma ba mu zaman lafiya a Filato da Nijeriya baki ɗaya.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Tudun Wada, Jos.